Jam'in كان a fi'ili madi: daga kaanuu zuwa kunnaa, ina alif yake tafiya?

Ɗalibin Zaure:
Assalamu alaikum malamai. Ina roƙon a warware mini jam'in كان a madi, wato sigar aikin da ya wuce. A "su maza" ana cewa kaanuu, alif yana nan daram, amma da an zo "su mata" sai a ce kunna, alif ya ɓace, kaf kuma ta ɗauki rufu'a. Me ya kore shi? Sannan kunna da kunnaa, kunne ba ya saurin rarrabe su. Allah ya saka da alheri.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Sigogin jam'in biyar ne:

هم كانوا (kaanuu), su maza
هنّ كُنَّ (kunna), su mata
أنتم كنتم (kuntum), ku maza
أنتنّ كنتنّ (kuntunna), ku mata
نحن كنّا (kunnaa), mu, maza ko mata, biyu ko fiye

Asalin kaana (كان, "ya kasance") shi ne kawana, harafin tsakiyarsa wau ne, shi ya sa wau ɗin ke dawowa a yakuunu da kaunun. A sarfu irin wannan fi'ili sunansa ajwaf, wato mai rami a ciki. Wau mai wasali da ta zo bayan fataha juyewa take yi ta zama alif, sai aka sami kaana.

Ka sa ido a kan nun ɗin ƙarshe, ita ce alƙali. Idan tana da wasali, alif yana zaune lafiya: kaana, kaanaa, kaanuu, kaanat, kaanataa. Biyar ke nan cikin sigogi 14. A sauran taran lamirin da ake liƙa wa fi'ilin (ta, nun ta mata, ko naa) yana tilasta wa nun ɗauri. Alif kuma dama sakini ne, wato marar wasali, ga nun ta zama sakina, Larabci ba ya barin sakinai biyu su haɗu a nan, sai a jefar da mai raunin, wato alif. A sa wa kaf rufu'a don ta nuna cewa wau ce aka rasa. Abin da ya rage shi ne kun, sai ka ɗora lamiri: kun + tum, kun + tunna, kun + na, kun + naa. A biyun ƙarshe nun ta ci karo da nun, aka shigar da ta farko cikin ta biyu, shaddar da kake gani ke nan.

Abul Fadli:
Malam, ina da ja a kan "rufu'a tana nuna wau". Khaafa ma wau ce a cikinsa, tunda masdarinsa, wato sunan aikin, khauf ne, amma a Alƙur'ani wa in khiftum muke karantawa da kisira. Haka naama, nimtum, alhali naum ne. In ɗalibi ya riƙe ƙa'idar a sake haka, zai ce khuftum.

Abu Sumayya:
Ja mai kyau, Ustaz, na gajarta ne. A ƙara sharaɗi: wannan a ajwaf ɗin da asalinsa a kan awon fa'ala yake, da fataha a harafin tsakiya. Kawana, ƙawala, sawama duk fa'ala ne, mudari'insu, wato sigar yanzu da gaba, da wau (yakuunu, yaƙuulu, yasuumu), don haka kuntum, ƙultum, sumtum. Khaafa kuwa asalinsa khawifa ne, sai aka ɗauko kisirar tsakiyar aka ba harafin farko. Hanya mafi sauƙi ga ɗalibi: duba mudari'i. In ka ji wau, yi rufu'a. In ka ji ya (yabii'u) ko alif (yakhaafu, yanaamu), yi kisira: bi'tum, khiftum, nimtum.

Gardi Mai Allo:
Allah ya gafarta malam, fi'ilin maata (ya mutu) ya zo da fuska biyu, a sani. Hafs yana karanta muttum da rufu'a a wurare biyu na Ali Imrana, aya ta 157 da 158, a sauran wurare kuma kisira, kamar mittum a Muminuna aya ta 35. Mu a Warsh kisira ce ko'ina. Kada wani ya ji gardi ya ce mittum a Ali Imrana ya yi masa gyara.

Ummu Haidar:
Ɗan'uwa mai tambaya, rabin matsalarka ba daga Larabci take ba, daga Hausa take. Mu ba mu raba maza da mata a jam'i, su su ne, ku ku ne. Kaanuu da kunna duk "sun kasance" za ka ce, kuntum da kuntunna duk "kun kasance". Tunda bakinka bai saba raba su ba, hannu ma sai ya rubuta kaanuu ga mata ba tare da ka ji wani abu ya karye ba.

Na biyu ya fi wannan ɓarna. "Kun" da "kuna" a Hausa na "ku" ne. Sai ɗalibi ya ga كنّا, kunnensa ya ji "kuna", ya fassara "kun kasance". Alhali "mun kasance" ne. Dubi Suratul Mulk aya ta 10: لو كنّا نسمع أو نعقل ما كنّا في أصحاب السعير. Masu maganar kansu suke nufi: da mun kasance muna ji ko muna hankalta, da ba mu kasance cikin 'yan wuta ba. Maganinsa, kada ka dubi farkon kalmar, kun ɗin nan na kowa ne. Dubi wutsiyarta. Naa ita ce ta نحن, kuma fi'ilin da ke biye zai tabbatar maka, nasma'u da na'ƙilu duk da nun suka fara.

Bambancin kunna da kunnaa a baki ja ne kawai. Duk biyun nun mai shadda ce da gunna, amma a "mu" za ka ja alif gwargwadon wasali biyu, a "su mata" ka datse.

Abul Fadli:
Sai dai, Malama, akwai inda jan ma yake faɗuwa. Idan alif da lam suka biyo baya, alif ɗin naa ba ya fita a baki: كنّا الفائزين ana furta shi kunnal faa'iziin, daidai da farkon كنّ الفائزات, kunnal faa'izaat. A nan habar, wato labarin da kaana ke bayarwa a kan sunanta, shi kaɗai zai cece ka, ko abin da ya gabata. Haka wau ɗin kaanuu take gajarcewa: كانوا الفائزين, kaanul faa'iziin. Mim ɗin kuntum kuma rufu'a take ɗauka a wannan hali, kuntumul faa'iziin, ba kisira ba, duk da cewa kisira ce aka saba sawa idan sakinai suka haɗu. Dalili, asalin mim ɗin jam'i rufu'a gare ta, sai ta koma gida.

Wani tarkon kuma: كُنَّ madi ne, kuma umarni ne ga mata, siga ɗaya sak. "Sun kasance" da "ku kasance". Ɗan'uwansa ƙulna ya zo da duka biyun a Alƙur'ani: a Yusuf aya ta 31, وقلن حاش لله labari ne, matan suka ce, a Ahzab aya ta 32, وقلن قولا معروفا umarni ne, ku faɗi. A rubutun waya da ba a sa wasali abin ya ƙara cakuɗewa, domin كن tana iya zama kun ta umarnin namiji ɗaya ma.

Gardi Mai Allo:
Maganar Ustaz ta mim ta koma gida, shaidarta tana kan allo. A Warsh, idan mim ɗin jam'i ta haɗu da hamza yankakkiya, sai a yi mata rufu'a a sadar da wau a ja shida. Baƙara aya ta 28, mai Hafs zai ce wa kuntum amwaatan, mu mu ce wa kuntumuu amwaatan. Kalma ɗaya ce, ba wata siga ta shida ba ce.

Tunda an taɓo furuci: nun ɗin kuntum da kuntunna ɓoye ta ake yi da gunna saboda harafin ta, kada harshe ya manne a dasashi kafin a kai ga ta ɗin. Mim kuma ta danganta da maƙwabci. In kuntum muminiin, shigar da ita. Kuntum bihii, ɓoye ta. Wa in kuntum fii raibin, bayyana ta sarai, a nan ne yara suka fi zamewa, don fa da mim maƙwabtan mafita ne.

Ɗalibin Zaure:
Na gane wannan sosai, Allah ya ƙara ilimi. To alif ɗin ƙarshen كانوا fa, tunda ba a furta shi?

Ummu Haidar:
Alif mai rarrabewa ne, aikinsa a rubutu kawai, ya nuna cewa wannan wau lamirin jama'a ce. Wajibi ne a rubuta shi, كانو kuskure ne. Amma kada ka ɗauke shi ka riƙa rabawa kowace wau: معلمو المدرسة ba ya ɗauka domin suna ne, haka هو يدعو domin wau ɗin ta jikin fi'ilin ce.

Abu Sumayya:
I'irabinsu, wato matsayinsu a nahawu, a taƙaice. Kaanuu: fi'ili madi naƙis (mai buƙatar suna da habar), an gina shi a kan rufu'a saboda haɗuwa da wau ɗin jama'a, wau ita ce sunan kaana a mahallin rafa'i. Sauran huɗun an gina su a kan sukun, wato ɗauri. A kunna, nun ta mata ce sunan. A kunnaa, naa. A kuntum da kuntunna, harafin ta ne sunan, mim da nun mai shadda haruffa ne masu nuna jam'i. A kula da wannan na ƙarshe, da yawa suna kiran nun ɗin kuntunna nunun niswa (nun ta mata) su ba ta mahalli, sai kaana ta tashi da suna biyu.

Abul Fadli:
Wanda ya taso da littafin nahawu na Ajuruma zai ce maka madi a kan fataha yake har abada. A wannan mazhabar kaanuu ginanne ne a kan fataha ƙaddararriya, rufu'ar ta zo ne don ta dace da wau, sukun ɗin kuntum kuma ya zo don gudun jeruwar wasula huɗu a abin da yake kamar kalma ɗaya. Ni wannan ya fi kwanta mini, ya fi daidaita babin.

Abu Sumayya:
Duk biyun maganar malamai ce, ban musa ba. Amma ga mai farawa, ƙaddara abin da ba ya gani ƙarin kaya ne. A jarrabawa kuma ya bi littafin da ake koya masa, kada ya haɗa rabin wannan da rabin wancan, ya ce "ginanne a kan rufu'a ƙaddararriya", wanda babu mai faɗinsa.

Abin da ya fi wannan saɓanin muhimmanci shi ne inda ba a yin jam'in kwata-kwata. Idan kaana ta riga sunanta na fili, tilo take zama: كان الطلابُ حاضرين, ba كانوا الطلاب ba. Ga mata, كانت الطالباتُ حاضراتٍ, ba كنّ الطالبات ba. Sai sunan ya gabata ne jam'in ke fitowa: الطلاب كانوا حاضرين. Dalili, wau ɗin kanta suna ce, in ka kawo wani sunan bayanta ka tara biyu a gurbi ɗaya. Akwai wasu ƙabilun Larabawa da aka ruwaito suna haɗawa, ita ce lugar da nahawu ke kira akaluunil baraagiis, amma ba da ita ake rubutu ba. Bahaushe yana faɗawa nan da sauri domin shi dole ya ce "ɗalibai sun", ba ya iya sakin lamirin.

Ummu Haidar:
Sai habar, nan ne maki ke zubewa. Mansubi ne kullum, wato asalin alamarsa fataha ce, amma alamar tana sauyawa da irin jam'in. Jam'in maza lafiyayye, ya da nun: إن كنتم صادقين. Jam'in mata lafiyayye, kisira a madadin fataha: كنّ صادقاتٍ, kada ka ce saadiƙaatan. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ga shi ƙarara, وإن كنّ أولاتِ حمل, ulaati da kisira alhali habar ne. Karyayyen jam'i, fataha da tanwini: وكنتم أمواتًا.

Ga wurare biyu da ya kamata a ajiye kusa da juna. Ali Imrana 103: إذ كنتم أعداءً, da tanwini. Baƙara 133: أم كنتم شهداءَ, babu tanwini. A ido ƙarshensu iri ɗaya ne, alif da hamza. Amma a'adaa' a kan awon af'aal yake, hamzarsa wau ɗin asalin kalmar ce (aduwwun) ta juye, don haka yana karɓar tanwini. Shuhadaa' kuwa fu'alaa' ne, alif da hamzar ƙari ne na ta'anisi (alamar mace), shi ya hana shi. Saboda haka kaanuu ulamaa'a, kunnaa fuƙaraa'a, kuntum agniyaa'a, duk ba tanwini.

Wanda yake son ya ga sigogin suna aiki a wuri guda, ya karanta ayoyin gado. Nisa'i aya ta 11: فإن كنّ نساء فوق اثنتين, mata zalla, sai kunna. Aya ta 176: فإن كانتا اثنتين ga mata biyu, sannan وإن كانوا إخوة رجالا ونساء, da maza da mata suka gauraya sai aka koma kaanuu. Ƙa'idar ke nan, namiji ko ɗaya ne a cikin taron, sigar maza ake ɗauka. Kuntunna kuma tana Ahzab aya ta 28 da 29, إن كنتنّ تردن.

Ɗalibin Zaure:
Malama, idan jam'in ba na mutane ba ne fa, kamar littattafai ko duwatsu? Kaanuu ko kunna?

Ummu Haidar:
Kaanat, kamar mace ɗaya: الكتب كانت جديدةً. Naba'i aya ta 20: وسيّرت الجبال فكانت سرابا. Kaanuu ta masu hankali ce.

Abul Fadli:
Kaanat ita ce ta yau da kullum, na yarda, amma kada a rufe ƙofa a kan kunna, Malama. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim: ثلاث من كنّ فيه وجد حلاوة الإيمان, da ɗayan, أربع من كنّ فيه كان منافقا خالصا. Halaye ake nufi, ba mata ba. Malaman luga sun ce nun ta fi dacewa da adadi kaɗan, uku zuwa goma, sigar tilo kuma ta fi dacewa da mai yawa. Tauba aya ta 36 ta nuna haka da lamiri: watanni 12 aka ce منها, huɗun masu alfarma aka ce فيهنّ.

Ummu Haidar:
Haka ne, Ustaz, ban ce haramun ba ne. Amma ɗalibin da ke rubuta insha'i ya riƙe kaanat, ba zai taɓa yin kuskure da ita ba. Kunna ya gane ta idan ya gamu da ita a nassi.

Ɗan Barno:
Ƙarin abin da ke rikita masu sauraron Larabcin baki. A Masar sigar mata ta jam'i ta faɗi, kaanu ake ce wa kowa, "ku" kuma kuntu, wadda a fusha, wato daidaitaccen Larabci, "ni" ce. Wanda ya saba da wannan sai ya rubuta أنتم كنتو. A Larabcin Sudan da na Shuwa a Barno kuwa jam'in mata yana raye, da -an a ƙarshe, kaanan, alif bai faɗi ba domin nun ɗin fi'ilin tana da wasali. Ƙa'idar Malam Abu Sumayya ce dai take aiki ta wata hanya. Daga Larabcin baki ne kuma ake kwaso كانوا يكتبوا. A fusha nun ɗin tana nan, كانوا يكتبون, domin kaana ba ta yi wa mudari'i nasabi ko jazmi, jimlar gaba ɗaya ce take mahallin nasabi.

Abu Sumayya:
Madalla. Kuma fi'ilin biyu dole ya bi lamirin farko: kaanuu yaktubuuna, kunna yaktubna, kuntum taktubuuna, kuntunna taktubna, kunnaa naktubu. Ma'anarsa aikin da ake ta yi a da, ko aka saba yi. In kana son aikin da ya riga ya ƙare kafin wani, sai madi, galibi da ƙad: كانوا قد خرجوا, sun riga sun fita. Ya zo ba ƙad a tsakani a Ahzab aya ta 15, ولقد كانوا عاهدوا الله من قبل.

A fassara ina da ƙorafi. An mayar da "sun kasance" tamkar dole, har Hausar ta yi tauri. كانوا تجّارا a bakin Bahaushe "a da 'yan kasuwa ne", domin "ne" ɗinmu ba ta da lokaci, kalmar "da" ce ke mayar da ita baya. كنّا نلعب kuma "muna wasa a lokacin", ko "da mukan yi wasa".

Abul Fadli:
A hira da labari na bi ka, Malam. A fassarar nassi kuwa ina ganin a bar "kasance", domin kaana ba kullum take nufin abu ya wuce ya yanke ba. كنتم خير أمة a Ali Imrana 110, in ka ce "a da ku ne mafi alherin al'umma" ka ɓata ma'ana, ka nuna yanzu ba haka ba ne. "Kun kasance" ta bar ƙofar a buɗe kamar yadda Larabcin ya bari. Haka bayan in ta sharaɗi: إن كنتم تحبّون الله ba labarin jiya ba ne. A nan ma Hausa ta yi mana gata, mu ma sigar da ta wuce muke sawa bayan "in", kamar "in kun zo gobe".

Abu Sumayya:
A nan na sallama. Abin da nake ƙi shi ne a sa ta ko'ina ba tare da an duba ba.

Korewa: ما كانوا ko لم يكونوا, duk biyun baya suke nufi. Kada a sa laisa a nan. Laisuu, lasna, lastum, lastunna, lasnaa sigarsu ta madi ce amma yanzu suke korewa, kuma lam ɗinsu fataha ce, ba a cewa lustum. Idan lam mai kisira ta biyo bayan maa kaana, fi'ilin yana zama mansubi: وما كنّا لنهتديَ a A'araf 43, da ما كانوا ليؤمنوا, nun ta faɗi a nan da dalili.

'Yan'uwan kaana a gwada su da ma'auni ɗaya: saaruu amma sirtum, maa zaaluu amma maa ziltum, maa daamuu amma maa dumtum, baatuu amma bittum da shadda domin ta ta haɗu da ta. Asbaha ba ya rasa komai, asbahtum, tunda ba rami a cikinsa.

Ɗalibin Zaure:
Bari in gwada, a duba mini:
1. المعلمات كنّ جالساتٍ
2. كانوا التجار في السوق
3. كنتنّ تقرأون القرآن
4. أنا وأنتم كنتم مسافرين
5. الأبواب كانت مفتوحةً
6. كنّا ضعفاءً

Ummu Haidar:
Ta 1 da ta 5 sun yi. Ta 2, ko dai كان التجار ko التجار كانوا. Ta 3, تقرأن, mata kake yi wa magana har ƙarshen jimlar. Ta 4, mai magana yana rinjayar wanda ake yi wa magana, tunda "ni" na ciki sai كنّا مسافرين, kamar yadda za ka ce "ni da ku mun yi tafiya". Ta 6, cire tanwinin, ضعفاءَ, awonsa ɗaya da shuhadaa'. Sake rubuto huɗun, ka ƙara da guda ɗaya da kunna ta umarni mu gani.